Maganar Bakin Kabari: Tana Biyan Bashin Rayuwa?

Duk wanda ya bi hanyar Dikwa daga Maiduguri, ya wuce Dusuman, ya doshi ƙasar da tarihinmu ya haɗu da na Faransa. A Dikwa ne Rabeh ya kafa mazauninsa bayan ya rushe Kukawa a 1893. Ranar 22 ga Afrilu, 1900, sojojin Faransa suka gwabza da shi a Kuseri, bakin kogin Shari. A ranar aka kashe Rabeh, a ranar kuma kwamandan Faransawa, Lamy, ya mutu da raunin da ya samu. Aka sa wa sabon garin da ke tsallaken kogin suna Fort-Lamy, har zuwa 1973 da aka mai da shi Njamena. Yau ba a auna mutanen nan biyu da abin da bakinsu ya furta a ƙarshe, sai da garuruwan da suka ƙone da jinin da ya zuba.

Faransawa mutane ne masu adana kalmomin ƙarshe na manyansu. Sarki Luwi na 14 ya yi shekara 72 a kan gado. A 1685 ya soke dokar Nantes wadda ta ba Furotesta 'yancin sujada, dubban iyalai suka bar ƙasar. Ya kuma kwashe shekaru yana yaƙi da maƙwabta. Da ajali ya matso a 1715, sai ya kira magajinsa, yaro ɗan shekara biyar, ya gargaɗe shi kada ya bi sawunsa wajen son yaƙi, ya kuma nemi sauƙaƙa wa talakawa. Haka nan Luwi na 16, a gaban injin fille kai ranar 21 ga Janairu, 1793, ya ce ya yafe wa waɗanda suka jawo mutuwarsa, kafin ƙarar ganguna ta rufe muryarsa.

To, mene ne darajar irin wannan magana? Wani zai ce banza ce, ihu ne bayan hari. Amma kada mu yi garaje. Mun san labarin ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji: a sa'arsa ta ƙarshe ya tuba, aka kuwa karɓe shi. Ƙofar alheri ba ta rufuwa muddin akwai numfashi, kuma ba mu ne masu riƙe da mabuɗinta ba.

Duk da haka, gafarar Allah daban, gyaran ɓarna daban. Nadamar Luwi na 14 ba ta dawo da ko iyali ɗaya daga gudun hijira ba, ba ta tayar da soja ko ɗaya ba. Shawarar da ya ba yaro, shi ne ya kamata ya yi aiki da ita tun yana da ƙarfi da iko. Tuban da aka jinkirta yana iya ceton mai shi, amma waɗanda ya cuta suna nan da tabonsu.

'Yan'uwa, mu a Borno mun ga yadda mutane da yawa suka tafi farat ɗaya a shekarun tashin hankali, ba su sami zarafin sallama ba. Saboda haka kada mu ajiye kyakkyawar magana sai ranar jinya. Idan akwai gonar maraya a hannunka, mayar masa tun kafin damina. Idan akwai ɗan'uwan da ka daina gaisarwa, je gidansa wannan mako.