Wa Kake Dasa wa Itace?

Duk wanda ya taso daga Kawo, ya ratsa Unguwar Rimi, ya kai Gamji a bakin Kogin Kaduna, ya ambaci itatuwa uku na ƙasarmu ko da bai lura ba: kawo, rimi da gamji. Sunayen suna nan a bakinmu. Amma a gidajenmu da harabar makarantu da majami'u, me muke dasawa? Yawanci dogon yaro ne, wanda asalinsa Indiya ne, aka fara dasa shi a Borno a 1928. Ko turare ɗan Ostireliya. Ko ciyawar ado wadda sai an yi ta ba ta ruwa duk rani.

Shin akwai laifi a cikin wannan? Baƙon itace dai ba mugu ba ne. Mangwaro ma baƙo ne, ga shi ya ciyar da 'ya'yanmu. Abin dubawa shi ne dalilin zaɓinmu. Muna son dogon yaro domin cikin 'yan shekaru kaɗan za mu sha inuwarsa. Kaɗanya kuwa takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, amma tana iya rayuwa shekara 200. Wanda ya dasa ta ya san jikokinsa za su fi shi cin moriyarta. Ashe tambayar ita ce: wanda ba a haifa ba tukuna yana da hakki a kanmu?

Lalle yana da shi, gama mu kanmu masu cin bashi ne. Daddawar da ke miyarmu daga kalwar ɗorawa take, man kaɗe daga kaɗanya, miyar kuka daga ganyen kuka. Waɗanda suka bar itatuwan nan tsaye sa'ad da suke sharar gona ba su san sunanmu ba, duk da haka sun tanadar mana. Bashi irin wannan ba a mayar wa mai shi. Na baya ake biya wa. A wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, marigayi Paparoma Francis ya koyar cewa kula da duniya saboda zuriya mai zuwa adalci ne da ya wajaba a kanmu.

Itatuwan gida kuma ba su da yawan roƙo. Sun saba da hunturu da dogon ranin Kaduna. Da zarar saiwa ta kama, ba sa jiran famfo. Tsuntsaye da ƙudan zuma na wurin nan sun san furanninsu.

Saboda haka, in damina ta kankama, bari kowane gida mai fili da kowace ƙungiyar Zumuntar Mata su dasa tsamiya, ɗinya ko ɗorawa guda ɗaya, su kange ta daga awaki. Wanda kuma ya tarar da tsohuwar kuka a filin da ya saya, ya fara tambayar mai zanen gini ko za a iya kauce mata kafin ya kira mai gatari.