Layin da Ruwa Ya Bi

A ajin nazarin ƙasa aka fara shimfiɗa mini taswirar kudancin Kano, irin wadda santimita 2 a takarda ke wakiltar kilomita 1 a ƙasa. Siraran layuka ne suka cika ta, kowanne yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku yake ɗaya. A wajajen Kiru da Bebeji layukan sun yi nesa da juna, alamar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Da an nausa kudu ta Tudun Wada, an ratsa Dajin Falgore, sai su fara matsowa, har su cunkushe a duwatsun Riruwai da ke Doguwa kamar zare a masaƙa.

Irin wannan taswira ba ta ƙarya a kan tudu da kwari. Sai dai tun ranar nake tambayar kaina: shin mai faɗin gaskiya yana da alhaki a kan abin da aka aikata da gaskiyarsa?

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, wajibi ne injiniyoyi su san inda ruwa zai tsaya. Ruwan da aka tare kuwa kwanciya yake yi bai ɗaya, don haka gaɓarsa ɗaya ce daga cikin waɗancan layukan. Wanda gonarsa ta faɗo sama da layin ya kwana a gidansa; wanda tasa ta faɗo ƙasa, sai ƙaura.

Safiyo zai ce shi awo kawai ya yi, hukunci na hukuma ne. Ba zan ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Ruwan nan shi ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura, kuma ni ma na ci daga ciki, saboda haka ba ni da bakin tsine wa aikin. Amma mai awo shi ke zaɓen abin da zai auna. Dutse ya samu lamba a takardarsa, shekarun da iyali suka yi suna kai taki gona ba su samu ko ɗigo ba. A ganina alhakinsa yana nan ne: idan ya miƙa takardar ga mai hukuncin da bai taɓa taka wurin ba, ya yi shiru, bai ce masa akwai abin da ba ta ɗauka ba.

A sababbin taswirori, wurin shuɗi ne sumul, an rubuta Tiga a tsakiya. Masunta na tuƙa kwalekwale a kansa, suna jefa taru a saman tsofaffin gonaki.