KANGON COCI A CIKIN UNGUWA: WA KE DA IKO DA SHI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya umurce mu da adalci ya hane mu zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi na ƙasar Tasawa da Mayahi, kun san Kiristoci ƴan ƙalilan ne a yankinmu. Wasu ƴan ƙasa ne, wasu kuma ma'aikata ne ko ƴan kasuwa da neman abinci ya kawo su. Idan aka canza musu wurin aiki, ko zama ya ƙare musu, ɗakin da suke taruwa a cikinsa yana iya zama a rufe. Damina ta zubar da katanga, awaki su mai da shi makwanci, gari kuma ya yi ta girma har filin ya yi tsada. Daga nan sai shawarwari su taso a bakin masallaci: wani ya ce a mai da shi masallaci, wani ya ce makarantar allo, wani kuma ya hango kanti. Kafin mu zaɓi ko ɗaya, wajibi ne mu tambayi shari'a: wa ke da iko da wannan wuri?

KANGO YANA DA MAI SHI

Wasu sukan kafa hujja da hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya ba mai raya matacciyar ƙasa ikon mallakarta. Amma malamai sun bayyana cewa matacciyar ƙasa ita ce wadda ba ta da mai ita, kuma ƙarshen wannan hadisi ɗin ya kore haƙƙi ga wanda ya yi shuka ko gini a filin wani da zalunci. Manomin Korgom ko na Kanambakashe da ya tafi cin rani ya daɗe, ba wanda zai ce gonarsa ta mutu don ta yi sabra. Idan wani ya shiga ya yi sassabe, sai an kai magana gaban maigari da hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. To, ƙofar da aka rufe da kwaɗo ta fi gonar da ta yi sabra nuna cewa akwai mai ita.

Mu dubi namu kuma. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ba a sayar da hubusi ko da ya rushe. Masallacin ƙauyen da fari ya kori mutanensa yana nan masallaci a wurinmu, kuma ba za mu yarda wani ya ɗaure jakinsa a ciki ba. Abin da muke so a kiyaye mana, da wane baki za mu hana maƙwabcinmu?

ABIN DA MAGABATA SUKA AIKATA

A aya ta 40 ta Suratul Hajji, Allah ya ambaci ɗakunan ibadar ruhubanawa da majami'un Nasara da na Yahudu tare da masallatai, a cikin wuraren da da sun rushe in ba don yana tunkuɗe sharrin wasu mutane da wasu ba. Sahabbai sun fahimci wannan. Da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya karɓi birnin Ƙudus, ya rubuta wa mutanen garin amana cewa ba za a rushe majami'unsu ba, ba kuma za a zauna a cikinsu ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya ƙi yin salla a cikin cocin garin, don gudun kada Musulmi su karɓe shi daga baya da hujjar cewa Umar ya yi salla a nan.

A Dimashƙa kuwa, Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya rushe cocin Yahaya a shekarar 706 don ya gina babban masallaci, bayan masu shi sun ƙi sayarwa. Da Umar ɗan Abdul'aziz ya hau mulki a 717, Kiristoci suka kai masa ƙara, shi kuwa ya yi umurni a mayar musu da wurinsu, alhali masallaci ya riga ya tsaya. Maganar ba ta mutu ba sai da aka yi sulhu da yardarsu, aka bar musu majami'un Guɗa da ke kewayen birnin. Walidu ya yi gini mai ban mamaki, amma Umar ne al'umma ta shaida da adalci.

Haka kuma masallacin Madina. Filin na marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, sun so su ba da shi kyauta, Manzon Allah (SAW) ya ƙi karɓa sai da kuɗi. Malamai sun haɗu a kan cewa salla a filin ƙwace haramun ce. Sun saɓa ne kawai a kan ko ta inganta ko sai an sake ta. Wanda ya kawo hadisin Ɗalƙu ɗan Aliyu, inda mutanen Banu Hanifa suka mai da majami'arsu masallaci, sai ya tuna cewa masu ita ne da kansu suka musulunta suka yi haka da abinsu.

ME YA MAI DA SHI KANGO?

Nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. A watan Nuwamba 2000, tarzomar adawa da bikin FIMA ta taɓa coci da ginin mishan a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasu, ƴan sanda kuma suka ƙirga coci 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. A tsakiyar Yuni 2019 an sa wa wani coci wuta a unguwar Zariya ta Maraɗi bayan kama wani limami. Waɗanda aka ƙona wa ɗakuna ba su suka yi zanen ba, ba su suka yi kamun ba. Laifin wani ba ya hawa kan wani.

Saboda haka, idan masu coci sun bar shi don tsoro, sannan muka zo muka saye shi da araha, mun ci ribar zalunci ko da ba mu muka kunna ashana ba. A mazhabar Malikiyya cinikin wanda aka matsa wa ba ya lazimtarsa, yana da ikon warware shi idan matsi ya kau. Abin da ya wajaba a kan unguwa a irin wannan hali shi ne ta ba su aminci su dawo, ko ta tsare musu wurin amana har su yanke shawara hankali kwance.

IDAN SUN SAYAR DA YARDARSU

Idan jama'arsu ta watse don kanta, shugabanninsu da ke da ikon sa hannu suka sayar a kan kuɗin da fili ke yi a unguwar, da shaidu da takardar hukuma, to ciniki ya halatta. A birnin Landan akwai gini a titin Brick Lane da aka gina a 1743 don Kiristoci ƴan gudun hijira daga Faransa, daga baya ya zama majami'ar Yahudu, a 1976 kuma ya zama masallaci. Da ciniki ya riƙa canza hannu. A ba masu shi lokaci su kwashe kayan ibadarsu da mutunci, ba ihu, ba kirari, ba gangar nasara. Idan akwai kabari a filin, a yi shawara da dangin mamaci.

Sai dai mallaka ba ta ba mai saye ikon yin duk abin da ya ga dama. Maƙwabci ba shi da shuf'a a mazhabarmu, amma yana da haƙƙin kada a cutar da shi. Gidan giya da na caca ba su ma cikin lissafi. Injin niƙa da zai hana mara lafiya barci, ko garejin da zai toshe hanyar mata da yara, su ma cuta ce, kuma mai unguwa da hukumar gari suna da ikon hana su bayan sun saurari jama'a.

Ko masallaci ma sai an auna. Idan unguwa tana da masallacin da sahunsa bai cika ba, sabon da za a buɗe kusa da shi don wani ɓangare ya ware da limaminsa yana iya raba kan Musulmi, kuma mun san hukuncin masallacin cutarwa da aka ambata a aya ta 107 ta Suratut Tauba. Mu tambayi abin da unguwa ta rasa. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ya san darajar rumbun tsimi na jama'a. Wanda ya ga yara suna karatu a rumfar zana da ruwan farko ke tarwatsawa ya san darajar aji mai rufi. Ɗakin shan magani da Musulmi da Kirista za su shiga tare shi ma sadaka ce mai gudana.

Don haka muna kira ga limamai da masu unguwanni: duk inda wannan magana ta taso, a fara neman masu wurin, a binciki dalilin tafiyarsu, a biya su haƙƙinsu cikakke, sannan a tara maƙwabta a ji ta bakinsu kafin a aza tubali. Idan masu shi sun ce ba su sayarwa, magana ta ƙare. Sai a roƙe su su gyara katangarsu don kada ta zama maɓoyar ɓata-gari.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya tsare mu daga cin haƙƙin maƙwabci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.