Magajin Wanda Aka Kashe: Kujera Ya Gada Ko Bashi?

A garinmu Furana, kamar ko'ina a ƙasar Zazzau, idan maigida ya rasu ba a taɓa dukiyarsa sai malamai sun yi cigiyar masu binsa bashi. Sai an biya bashin, an zartad da wasiyya, sa'an nan magada su raba abin da ya saura. Wannan ƙa'ida nake so mu ɗauka, ya 'yan'uwana ɗalibai, mu auna wata mas'ala da ita, watau idan aka kashe shugaban ƙasa yana tsakiyar aiki, mene ne ya wajaba a kan wanda ya hau kujerarsa?

Mu fara da abin da ya faru a gida. Ranar Jumma'a 13 ga Fabrairu 1976 waɗansu sojoji a ƙarƙashin Laftanar-Kanal Buka Suka Dimka suka harbe Janar Murtala Muhammed a Ikko, yana cikin mota a kan hanyarsa ta zuwa ofis. Ko wata bakwai bai cika a kan mulki ba. Juyin mulkin bai ci ba, Majalisar Ƙoli ta Soja ta naɗa mataimakinsa, Laftanar-Janar Olusegun Obasanjo, aka kuma ɗaukaka Shehu Musa 'Yar'aduwa daga laftanar-kanal zuwa birgediya ya zama na biyu, don hankalin mutanen Arewa ya kwanta.

To, wane bashi marigayin ya bari? Ranar 1 ga Oktoba 1975 ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawarin mayar da mulki hannun farar hula ranar 1 ga Oktoba 1979. Ya shimfiɗa matakan da za a bi, daga ƙara jihohi da rubuta sabon tsarin mulki, zuwa gyaran ƙananan hukumomi da zaɓe. Kwana goma kafin a kashe shi ya mai da jihohi 19, aka sake wa Jihar Arewa ta Tsakiya suna ta koma Jihar Kaduna. Sauran aikin duk yana gaba sa'ad da ajali ya riske shi.

Da magadansa sun so, da sun sami hanzari. Sai su ce ƙasa ba ta zauna ba, a dakata tukuna, kamar yadda Janar Gowon ya yi a 1974 da ya janye alkawarin sauka a 1976. Amma suka ɗauki kayan. A cikin 1976 ɗin aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, har mu ma muka ga abin a ƙofar gida da aka kafa Ƙaramar Hukumar Ikara, wadda Maƙarfi da Kudan suka fita daga cikinta daga baya. Ranar da aka ambata kuwa, Obasanjo ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki. Manomin rake a Maƙarfi da ya jefa ƙuri'a a 1979 bashin Murtala ya karɓa, ko da yake ba daga hannun Murtala ba.

Amurka ta ga irin wannan rana, har ta nuna mana fuska biyu na magaji. A Afrilun 1865 aka harbe Shugaba Abraham Linkon, ana gab da gama yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta. Mataimakinsa Anduru Jonson ya hau, ya umurta a mayar wa tsofaffin iyayengiji gonakin da aka fara raba wa 'yantattun bayi, ya kuma ƙi sa hannu a dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1866, sai da majalisa ta zartad da ita bisa tilas. Ranar 22 ga Nuwamba 1963 kuma aka harbe Shugaba Jon Kenedi a birnin Dalas, aka rantsad da Lindon Jonson a cikin jirgin sama tun ba a tashi daga garin ba. Shi wannan ya ɗauki dokar hana wariyar launin fata da Kenedi ya kai majalisa ta maƙale, ya yi ta fama har ya sa mata hannu a Yulin 1964. Dukansu tsarin mulki ne ya ba su kujera cikin 'yan sa'o'i, amma tsarin mulki bai iya tilasta wa kowannensu riƙon amana ba.

Wani zai ce, ai sarki goma zamani goma, don me za a ɗaure mai rai da igiyar mamaci? Wannan magana tana da ƙarfi. Mutuwar gilla takan wanke mutum a idon jama'a har a manta yana kuskure. Murtala ya kori ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 cikin gaggawa, da yawa ba a saurari ta bakinsu ba, kuma wannan ya girgiza aikin gwamnati ƙwarai. Da magaji ya ci gaba da kora don kawai marigayi ne ya fara, da zalunci ya ƙara da sunan biyayya.

Ƙa'idar malaman rabon gado ta warware mana wannan. Bashi haƙƙin mai rai ne, dole a biya shi cif. Wasiyya tana da iyaka, ba ta wuce sulusi, kuma idan ta ƙunshi saɓo ba a zartad da ita. Halin mamaci kuwa, zafinsa ko sanyinsa, ba ya cikin kayan gado. Alkawarin 1979 bashi ne, domin talakawa aka yi wa shi, su kuwa suna nan da ransu. Korar gaggawa halin mutum ɗaya ce, babu wanda ya wajaba ya gaje ta.

Akwai kuma abin da magaji kan yi ya zaci ya sauke nauyi, alhali bai taɓa ainihin kayan ba. An harbe mutum fiye da 30 a kan kisan Murtala, an sa sunansa a filin jirgin saman Ikko, an buga hotonsa a takardar naira 20. Hukunci da girmamawa suna da muhallinsu, amma da an tsaya nan aka ci gaba da mulkin soja, da burin Dimka na katse shirin ya cika ko da shi ba ya duniya.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, mu da za mu fita jami'a mu gaji ofisoshin waɗansu, wani hedimasta, wani alƙali, wani sakataren ƙaramar hukuma, ranar da aka miƙa mana makulli mu fara da tambayar malaman gado: wa ke bin wannan kujera bashi? Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon sauke abin da muka ɗauka, amin.