Wasiyya da Waƙafi: Rabon Talaka da Makaranta a Dukiyar Mai Dukiya

Hanyoyi biyu ne Musulunci ya buɗe wa mai son alherinsa ya ci gaba da gudana bayan ya kwanta dama. Wasiyya ita ce ya ware wani kaso na dukiyarsa, a fitar bayan rasuwarsa. Waƙafi kuwa, wanda malaman Malikiyya suka fi kira hubusi, shi ne ya tsare asalin abu kamar gona ko gida ko rijiya, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa, amfaninsa kaɗai ake ci. Duka biyun suna tayar da tambaya mai nauyi: da wane haƙƙi wanda ya bar duniya zai ci gaba da juya dukiya, alhali ga 'ya'yansa a raye da tasu buƙatar?

Shari'a ta amsa da iyaka. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo mai tsanani a Makka, ya so ya yi wasiyya da mafi yawan abin da ya mallaka, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a kan sulusi, ya kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Daga nan hukuncin ya zauna: a yi wa mamaci sutura, a biya bashi, a fitar da wasiyyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba gado. Magaji ba a yi masa wasiyya, tunda Allah ya riga ya yanka masa rabonsa.

Waƙafi ya fi haka faɗi, domin mai lafiya ne ke yin sa da hannunsa. Sayyidina Umar ya tsare gonarsa ta Khaibar don matalauta da baƙi da matafiya, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina. Sai dai Malikiyya sun gindaya sharaɗi mai hikima: dole abin ya fita daga hannun mai shi, a karɓe shi tun yana da ƙoshin lafiya. Wanda ya furta da baki amma ya ci gaba da cin amfanin gonar har ya mutu, gonar ta koma gado. Wanda kuma ya jira sai ciwon ajali, hukuncin wasiyya ya hau kansa, sulusi kawai zai fita.

Da wannan tsari aka raya ilimi ƙarnuka da dama. Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin a Fas a shekarar 859 da dukiyar da ta gada. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem sun ba da kuɗin gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar, inda ɗalibansu da mahajjatansu ke sauka. Kiristocin Ingila ma suna da irin tasu: mutum ya bar gona a wasiyya, a riƙa raba wa talakawan ƙauyensu burodi da kuɗin hayarta ko a biya malamin yara, har aka yi wa abin doka a 1601.

A ƙasar Hausa lamarin ya ɗauki wata kama. A da, ƙasa tana da yalwa, kuma a hannun sarki da dagaci take, don haka gona ita kaɗai ba ta da tsadar da za ta riƙe makaranta sai da masu noma ta. Tsangayar ƙauye ta dogara ne da gonar malam da almajirai ke nomawa da damina, da zakkar hatsi bayan kaka, da kuɗin Laraba, da ƙwaryar tuwo da gidajen unguwa ke ware wa almajiri kowane dare. Waƙafin da aka fi sani ƙanana ne: rijiya a bakin hanya, filin maƙabarta, ko Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, an rubuta a shafin farko cewa na masallaci ne, ba na sayarwa ba. Karamci ne na gaske, amma yawancinsa da baki aka ƙulla shi. Da shaidu sun mutu, ƙasa kuma ta yi daraja, sai jikoki su taso su ce aro kakansu ya bayar.

Bayan dawo da shari'a a wasu jihohin Arewa daga 1999 aka fara yi wa harkar hukumomi. Zamfara ta kafa ta zakka da waƙafi, Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato ma tana da tata.

Abuja kuwa tana da yanayi na daban. Dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya ta damƙa dukan ƙasar yankin ga gwamnatin tarayya, mai fili takardar izinin zama na wa'adi kawai yake riƙe da ita. Saboda haka waƙafin da ba shi da takarda a nan yana tsaye ne a kan iska. Ga shi kuma a nan dukiya da buƙata suka fi kusantar juna. Daga Maitama ko Asokoro tafiya kaɗan ce zuwa ƙauyukan Kwali da Kuje, inda ake samun Islamiyya mai ɗaki biyu, yara sun cika tabarma har bakin ƙofa, malami ɗaya yana jiran ɗan abin da iyaye za su haɗa masa a ƙarshen wata.

Masu hali da yawa sun fi karkata ga ginin masallaci, kuma ladan wannan ba abin musu ba ne. Amma gini ba ya biyan albashi. Mutanen da suka raya manyan makarantun Masar da Maroko shaguna da gonaki suka tsare a gefensu, kuɗin haya ya riƙa ciyar da ɗalibi yana biyan malami. A birnin da haya ke da tsada kamar Abuja, gida ɗaya da aka tsare don wannan zai iya ɗaukar nauyin malaman makarantar ƙauye shekara bayan shekara.

Hanyar yin hakan a buɗe take. Ana rubuta manufar waƙafin a gaban shaidu adilai, a naɗa mai kula da shi, a fayyace wanda zai gaje shi a aikin, a yi wa amintattu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, sannan a mayar da takardar filin zuwa sunansu. Idan saɓani ya taso, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Abuja hurumin sauraron ƙararrakin da suka shafi waƙafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi.