NASIHA GA SAMARI A KAN MALAMAN DA KE YIN TIR DA MASU ZUBAR DA JINI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, akwai wata magana da take yawo a majalisun samari, daga Ƙauyen Alu zuwa Unguwa Uku, har Gyadi-Gyadi da Tarauni. Da zarar an ji malami ya hau mumbari ko ya shiga gidan rediyo ya yi tir da masu kashe bayin Allah da sunan jihadi, sai wani ya taɓe baki ya ce, "Rabu da shi, malamin gwamnati ne, an ba shi ambulan." To, shin za a yarda da wannan tir ɗin ko kuwa? Ka ba ni aron hankalinka.

Da farko dai, miyagun malamai suna nan, ba a musun wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi fama da su a zamaninsa, ya yi rubutu a kansu. Akwai mai yin magana don a gan shi, akwai mai yi don kujerar Hajji, akwai wanda ba ya buɗe baki sai ya ga inda iska ta kaɗa. Amma ka sani, haramcin jinin bayin Allah ba daga bakin malami ya fito ba. Allah ne Ya haramta. Ka duba Suratul Ma'ida aya ta 32, inda aka kwatanta kashe rai ɗaya ba bisa haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Ko munafuki ne ya karanta maka wannan aya, ayar tana nan daram. Ka tuna ƙissar Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, da Shaiɗan ya koya masa falalar Ayatul Kursiyyu, Annabi (S.A.W.) ya tabbatar da maganar, tare da cewa mai maganar maƙaryaci ne. Saboda haka hukunci daban, mai faɗinsa daban. Niyyarsa tana tsakaninsa da Allah. Abin da ya rage maka shi ne ka auna abin da ya bayyana, ga kuma ma'auni guda huɗu.

Na ɗaya, yaushe ya fara magana? Wanda ya yi gargaɗi tun wuta tana hayaƙi ba ɗaya yake da wanda ya zo bayan gida ya ƙone ba. Marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi wa Muhammad Yusuf raddi a kan haramta karatun boko da aikin gwamnati tun shekaru kafin rikicin Maiduguri na 2009, lokacin da hukuma ba ta ma ɗauki lamarin da nauyi ba. Karatuttukan suna nan, nemi ka saurara. Wa ya ba shi ambulan a lokacin?

Na biyu, da hujja ya zo ko da zagi? Malamin ƙwarai yana ɗauko shubuhar mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ya warware ta da aya da hadisi da fahimtar magabata. Haka Abdullahi ɗan Abbas ya yi lokacin da ya je wurin Khawarijawa a Harura: ya ji ƙorafinsu a kan Sayyidina Aliyu, ya amsa musu, dubbai daga cikinsu suka dawo hanya. Amma wanda iyakarsa ya ce "Musulunci addinin zaman lafiya ne" ya naɗe tabarma, gaskiya ya faɗa, sai dai bai yi wa yaron da shubuha ta kama magani ba.

Na uku, me maganar ta jawo masa? A nan ne ake gane na gaske, domin ba wanda ke sayar da ransa a kan kuɗin ambulan. An harbe Malam Ja'afar yana limancin sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi ranar Juma'a, 13 ga Afrilu 2007. An harbe Shaikh Muhammad Auwal Albani a Zariya ranar 1 ga Fabrairu 2014, tare da matarsa da ɗansa, Abubakar Shekau kuma ya fito ya ce su suka yi. A watan Yuli na shekarar aka tayar da bom a Kaduna ana neman ran Shaikh Ɗahiru Usman Bauchi, ka ga ba su bambance ɗan Izala da ɗan ɗariƙa ba. A watan Nuwamba 2014 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kira jama'a su tashi su kare kansu, ba a yi mako uku ba, ranar 28 ga watan, aka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin gari, aka kashe masallata fiye da 100. Wannan kuwa tsohuwar hanya ce. Sayyidina Aliyu, Bakharije ne, Abdurrahman ɗan Muljam, ya sare shi a Kufa ya fito sallar asuba, shekara ta 40 bayan Hijira.

Na huɗu, harshensa ɗaya ne ko biyu? Wanda ya yi tir da bom a rediyo, ya dawo majalisinsa yana kafirta Musulmi barkatai, yana cewa wane mushriki, wane arne, ba ilimi ba ƙa'ida, wannan shi ya shuka abin da yake kuka da shi. Mu masu kira zuwa ga Sunna mu ya fi kamata mu tsare harshe a nan, domin kafirtawa ita ce ƙofar halatta jini. Haka nan wanda yake ganin zaluncin 'yan ta'adda amma ya makance ga zaluncin masu kaki. An kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yuli 2009 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ɓatansa bai halatta wannan ba, malamin gaskiya zai faɗi duka biyun. Ka karanta Suratus Saffi aya ta 2 da ta 3, ka ga girman fushin Allah a kan mai faɗin abin da ba ya aikatawa.

Yanzu sai ka tambayi kanka, wa ke cin ribar ka yi wa malamai kuɗin goro? Mai son ya ja ka daji ba da bindiga yake farawa ba. Yana farawa ne da raba ka da malamai, ya ce duk an saye su, sannan iyayenka, ya ce ba su gane addini ba, har ya zama ba ka jin muryar kowa sai tasa. Kura ba ta kama akuya sai ta ware daga garke. Kakan waɗannan mutane, Zul-Khuwaisira, Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya tuhuma da rashin adalci wajen rabon ganima. Wanda ya tuhumi Annabi, malamin unguwarku zai bari?

Kada ka ɗauka labarin nesa ne. Ranar Juma'a, 20 ga Janairu 2012, cikin wuraren da aka kai wa hari a Kano har da ofishin fasfo na Farm Centre, nan bayan gidanku, mutane kusan 185 suka rasu a garin. Ranar 19 ga Janairu 2013 aka buɗe wa motar marigayi Sarki Ado Bayero wuta daf da Masallacin Murtala, ya fito daga taron makarantar Alƙur'ani, direbansa da dogarai suka riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya danna kunamar bindiga a ranakun nan, akwai ranar da yake yaro mai zuwa sahun gaba, sai wani ya raɗa masa cewa malamai duk 'yan kasuwa ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, Suratul Hujurat aya ta 6 ta umarce ka da bin diddigin labari kafin ka yi aiki da shi. Ka yi wa mai yin tir haka, ka yi wa mai zarginsa haka. Malamin da ya cika ma'aunin nan, ka zauna gabansa ka yi karatu. Wanda ya gaza, ka karɓi gaskiyar da ya faɗa, ka bar shi da Ubangijinsa. In kuwa wata shubuha ta shiga zuciyarka, kada ka kwana da ita, kada ka kai ta waya wurin wanda ba ka san fuskarsa ba. Ka kai ta gaban malami sananne, a masallaci, da rana tsaka.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya tsare samarinmu daga fitina. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.