Sarƙar Aro da Zuciyar da Ba Ta Ƙoshi

'Yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako mun ɗauko shi ne daga wani gajeren labari na marubucin Faransa, Guy de Maupassant, wanda aka buga a 1884. Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu da labarin Nasara, domin ciwon da ke cikinsa ba ya zaɓen ƙasa.

Wata mata ce, Mathilde, matar ƙaramin akawu a Ma'aikatar Ilmi a birnin Paris. Tana da ci da sha da sutura, har da 'yar aiki, amma kullum ranta a ɓace yake, tana ganin Allah bai kai ta gidan da ya dace da kyawunta ba. Ran nan mijin ya kawo takardar gayyata zuwa liyafar minista, yana murna. Ita kuwa sai kuka, wai ba ta da tufafin fita. Ya ba ta faran 400 da ya tara don sayen bindigar farauta. Duk da haka ba ta gamsu ba, sai da ta aro sarƙar lu'ulu'u wajen ƙawarta mai arziki.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya hore mu da duban na ƙasa da mu a sha'anin duniya, kada mu raina ni'imar Allah. Wannan baiwar Allah sama kaɗai take dubawa.

A daren liyafa sarƙa ta ɓace. A nan, a ganina, mijin ma yana da nasa laifi, don shi ya ba da shawarar a rubuta wa mai sarƙa ƙarya, wai maɗauri ne ya karye ana gyara. Kunyar faɗin gaskiya ta sa suka sayi irinta a kan faran 36,000, rabi gadon ubansa, saura bashi har da na masu riba. Shekara goma suna biya. Ta koma wanki da ɗiban ruwa, ta tsufa tun lokaci bai yi ba.

Bayan sun gama biya ta haɗu da ƙawar, ta faɗa mata abin da ya faru. Ashe sarƙar ta jabu ce, kuɗinta bai wuce faran 500 ba.